Balarabe Musa: Tsayuwa Kan Aƙida Ce Ko Taurin Kai?

Tsohon Ɗan PRP:
Assalamu alaikum. A ranar 11 ga Nuwamban 2020 ne Allah ya karɓi ran Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna yana da shekara 84, kuma tun daga lokacin, duk shekara sai in ga ana yaɗa hotonsa ana rubuta cewa shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya, daga nan kuma sai kowa ya yi shiru, sai ka ce tsigewar ce kaɗai gadon da ya bari. Ina so mu wuce nan a wannan zaure. An haife shi a garin Kaya da ke ƙasar Zazzau a 1936, ya yi Midil ta Zariya, ya ƙware a aikin akanta, sannan ya rungumi NEPU, jam'iyyar talakawa ta Malam Aminu Kano, tun yana saurayi, a zamanin da shiga NEPU kan jawo wa mutum bulala a gaban alƙali ko sallama daga aiki. A 1979 ya tsaya takarar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, mai alamar mabuɗi, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na jam'iyyar NPN, wadda ta kafa gwamnatin tarayya a shekarar, abin da manyan Arewa da yawa ba su taɓa zaton zai faru a hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa ba. An rantsar da shi ranar 1 ga Oktoban 1979, majalisar jiha ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981. Bayan haka ya rayu kusan shekara arba'in yana noma yana siyasa, bai sauya harshe ba, bai nemi kwangila ba, bai koma jam'iyyar da ke mulki don a ba shi muƙami ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa shi ɗan gurguzu ne, kuma dukiyar ƙasa hannun hukuma ya kamata ta jagorance ta domin amfanin talaka. Ina roƙon waɗanda suka ga zamanin da waɗanda suka karanta shi su ba mu abin da suka sani, har da abin da ba su yarda da shi ba.

Matashi Mai Tambaya:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Ni ban ga zamanin ba, amma ina neman a yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina. Mutumin da ya yi wata ashirin da ɗoriya a kan kujera ba tare da kwamishina ko ɗaya ba, saboda ya ƙi zama ya daidaita da majalisar da jama'a suka zaɓa kamar yadda suka zaɓe shi, shin sadaukarwa ya yi ko asara ya jawo wa talakawan da suka ba shi ƙuri'a? Da ya miƙa wa NPN wasu kujeru ya riƙe sauran, da wataƙila ya cika shekara huɗu ya gina makarantu da asibitoci. Mu matasa an cika mu da labarin tsarkin hannunsa, kuma ba mu musa ba, amma ina son a nuna mini abin da ya canza a rayuwar mutumin ƙauye.

Dattijon Karkara:
Ɗana, tambayarka a kan hanya take, kuma amsarta ba ta da nisa. Ka tambayi duk wanda ya haura shekara sittin a ƙauyukan Zazzau da Katsina ya gaya maka abin da ake nufi da lokacin haraji. Da kaka ta yi, kafin manomi ya gama ɗaure damman dawarsa, mai unguwa ya iso da takarda, bayansa dagaci, bayan dagaci hakimi. Kowane baligi sai ya biya, ko gonarsa ta yi kyau ko fari ya cinye ta. Wanda ya kasa, a tsare shi a ƙofar fada a rana, wani a ɗaure, wani a yi masa duka a gaban 'ya'yansa. Na ga magidanci ya sayar da hatsin da zai ci da damina a kan araha don ya biya, sannan ya dawo ya saye shi da tsada a watan da abinci ya yanke. Na ga samari sun gudu ci-rani, ba neman arziki ya kore su ba, tsoron wulaƙanci ne. Fulani kuwa jangali ne nasu, ana ƙirga shanu kai-kai, har makiyayi ya riƙa kora garkensa cikin daji da dare don kada a ƙirga su duka, kuma abin da ke shiga aljihun masu ƙirga ba ya cikin rasit. Wannan haraji da jangali su ne Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke da hawansu mulki a 1979, abin da NEPU ta yi kusan shekara talatin tana kira a yi. Da sauran jihohin Arewa suka ga yadda talaka ya karɓi abin, su ma sai suka bi sahu. Kai da aka haifa bayan haka ba ka taɓa ganin mahaifinka a durƙushe a rana saboda kuɗin kai ba, shi ya sa abin bai yi maka kama da aiki ba.

Tsohon Ma'aji:
Yaya, ban musa ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba, domin na yi aikin kuɗi a ƙaramar hukuma kuma na san irin ɓarnar da ke cikin karɓar haraji. Sai dai akwai gefen da ba a cika faɗa ba. Harajin nan shi ne ginshiƙin baitulmalin En'e tun zamanin Turawa, da shi ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan shan magani. Da aka soke shi ba a kafa wata hanyar samun kuɗi ta cikin gida mai ƙarfi da za ta maye gurbinsa ba, sai ƙananan hukumomi suka koma jiran kason man fetur daga gwamnatin tarayya, kuma tun daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa. Wani abin kuma, mutumin da ke biyan haraji yana jin yana da bakin tambayar inda kuɗinsa ya tafi. Ni a ganina soke zalunci daidai ne, amma an bar aikin a rabi.

Malamar Tarihi:
Ina gaida iyayenmu. Maganar Baba Ma'aji ita ce ta kai mu ga ainihin tambayar da ƙanenmu ya yi, domin wanda aka hana kafa majalisar zartarwa, aka riƙa yi wa kasafin kuɗinsa gyaran fuska, ba shi ne za a tuhuma da barin aiki a rabi ba. Ya kamata a tuna yadda zaɓen 1979 ya kasance. Jihohi 19 ne a lokacin, NPN ta ci 7, UPN 5, NPP 3, GNPP 2, PRP 2. A Kaduna an fara zaɓen 'yan majalisa kafin na gwamna, NPN ta kwashe mafi yawan kujerun majalisar jiha, sannan masu ƙuri'a suka juya suka ba PRP kujerar gwamna. Majalisar, ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta mayar da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata sau da dama.

Abin da nake so ƙanenmu ya duba shi ne abin da ake ciniki a kansa. Gwamnatin PRP ta kafa hukumar binciken filaye da gonaki domin ta saurari manoman da ke cewa masu sarauta da masu kuɗi sun ƙwace musu gonakin gado, ta kuma ɗauko aniyar rage ikon hakimai a kan rayuwar talaka da toshe ƙofofin kwangilar da manyan jihar suka saba ci. Waɗanda wannan shiri zai taɓa su ne ƙashin bayan NPN a jihar. Saboda haka ba kujerar kwamishinan wasanni ake jayayya a kanta ba. Daidaitawar da ake nema ita ce a ajiye shirin da aka zaɓe shi dominsa, a bar masa ofis da mota da jiniya. Sakataren gwamnatinsa, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, jinin sarautar Katsina ne, amma ya tsaya tare da shi a kan wannan, kuma matasa 'yan boko irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa suna tare da PRP alhali mahaifin Umaru jigo ne a NPN. Rikicin ya ratsa har cikin gidaje.

Matashi Mai Tambaya:
Na gode Malama, na ƙaru. Amma ai Rimi ma ɗan PRP ne, kuma shi ya bar abubuwan da ake nunawa da yatsa, irin su jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha da shirin yaƙi da jahilci na manya. Me ya sa shi ya iya?

Tsohon Ɗan PRP:
Ɗana, Rimi ya samu majalisar da PRP ke da gagarumin rinjaye a cikinta, duk dokar da ya kai sai ta wuce, shi ya sa har ya ayyana 1 ga Mayu hutun ma'aikata a Kano a 1980, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981. Duk da haka ka dubi abin da ya faru. Kwana goma sha bakwai bayan tsige Balarabe, ranar 10 ga Yulin 1981, tarzoma ta tashi a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, a gidansa. Ka ga ke nan rinjayen majalisa bai kare su ba.

Amma tunda na ce a faɗi har abin da ba ya da daɗi, bari in taɓo inda ke mana ciwo mu 'yan PRP. Ba NPN kaɗai ta kayar da Balarabe ba, rabuwar kanmu ta taimaka. Gwamnoninmu biyu sun shiga zaman gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP, wato Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola. Shugabannin jam'iyya, Malam Aminu Kano da sakatarensa Sam Ikoku, suka umarce su da su daina halarta, suka ƙi, aka kore su daga jam'iyya a 1980. Daga nan muka zama 'yan santsi da 'yan taɓo, ɓangaren gwamnoni, wato 'yan santsi, ya ɗauki dattijon 'yan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta ce ɓangaren Malam, wato 'yan taɓo, ta sani. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa a wurin jana'iza. Lokacin da majalisa ta zare wuƙa, jam'iyyar da ya kamata ta cika titunan Kaduna da Zariya da Funtuwa tana can tana faɗa da kanta. Ni ɗan santsi ne, har gobe ina ganin gwamnonin sun fi gaskiya a kan batun ƙin kusantar NPN, amma kalaman da wasunmu suka riƙa jifan Malam da su a kan dandamali ba su dace da mutumin da ya raine mu ba.

Jikar 'Yar NEPU:
Baba, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan da bakinka, domin a gidanmu 'yan taɓo ne, kuma kakata ta rasu ba ta huce ba. Hujjarta kullum ita ce Malam ya ga abin da yaran ba su gani ba, wato cewa haɗa kai da UPN zai ba abokan hamayya damar cewa PRP ta sayar da Arewa, kuma haka aka yi ta faɗa a ƙauyuka. Ta kan ƙara da cewa zaɓen 1979 shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar da NEPU da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta, kuma ƙuri'un matan nan na cikin abin da ya ɗaga PRP, amma da rikici ya tashi ba wanda ya tambayi ra'ayinsu. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, Lawal Kaita ya karɓi Kaduna, sojoji suka kwashe kowa a ƙarshen Disamba. Abin da nake yaba wa Balarabe shi ne daga baya shi ya ɗauki sunan PRP ya riƙe shi lokacin da ba riba a cikinsa.

Lauya Daga Zariya:
Ina neman izinin manya in ƙara wani ɓangare da ba a cika ambata ba, domin mu a fagen shari'a sunan Balarabe Musa yana cikin littattafan da muke karantawa sau biyu. Na farko shi ne shari'ar tsige shi. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ba kakakin majalisa ikon naɗa kwamitin mutum bakwai da zai binciki gwamna, wato wanda ke ƙara shi ne ke zaɓen masu bincike, sannan ƙaramin sashe na 10 ya hana kotu sa baki. Da ya garzaya kotu, sai alƙalai suka ce hannunsu a ɗaure yake. Tuhume-tuhumen sun karkata ne ga saɓa ƙa'idojin mulki da na kashe kuɗin gwamnati, ba a kama shi da sa kuɗin jiha a aljihunsa ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 188, ya mayar da naɗa kwamitin hannun babban jojin jiha, kuma a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, wanda aka tsige a 2006, Kotun Ƙoli ta ce kotu na da ikon duba ko an bi matakan da doka ta shimfiɗa, aka mayar da shi kujerarsa. Wannan kariya Balarabe bai same ta ba.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, jam'iyyu uku kacal aka yi wa rajista, PDP da APP da AD, hukumar INEC kuma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri na ofisoshi da kuɗi waɗanda jam'iyyar talakawa ba za ta iya cikawa ba. Balarabe Musa da wasu shugabannin ƙananan jam'iyyu suka kai ƙara, Cif Gani Fawehinmi ya jagoranci lauyoyi, kuma a Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa INEC ba ta da hurumin ƙara sharaɗi a kan abin da tsarin mulki ya tanada. Sakamakon haka jam'iyyu suka kai 30 kafin zaɓen 2003. Duk wanda ya tsaya takara a ƙaramar jam'iyya tun daga lokacin, ko ya sani ko bai sani ba, ta wannan ƙofa ya shiga. Ya kuma jagoranci gamayyar jam'iyyun adawa ta CNPP shekaru da dama, a lokacin da PDP ke ganin ba mai iya ja da ita.

Masaƙin Kakuri:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na yi aiki a wata masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ƙofa aka bar mu da haƙƙoƙinmu a takarda. Wanda ya san Kaduna ta Kudu a da ya san yadda titi ke cika da kekuna idan an tashi aiki, dubban mutane daga kowace ƙabila da addini, ga masu abinci da masu haya da teloli duk suna ci daga albashinmu, ga manoman auduga na Funtuwa da Gusau suna da kasuwa. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na SAP da Janar Babangida ya kawo a 1986 darajar naira ta fara zubewa, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, masaƙu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A duk tsawon wannan lokaci, in ka kunna rediyo ka ji dattijon da ke cewa sayar da kadarorin gwamnati ga 'yan tsiraru ba zai haifar da alheri ba, to Balarabe ne. Ya yi adawa da cire tallafin mai a Janairun 2012 lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ya yi adawa da sayar da kamfanonin wutar lantarki da aka miƙa a 2013. Ana yi masa dariya ana cewa zamani ya wuce shi. Mu da muka rasa aiki ba mu yi dariya ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri, kuma ina girmama marigayi. Amma kada mu manta cewa kamfanonin da gwamnati ta riƙe da hannunta su ma sun mutu, wasu tun kafin a yi maganar sayar da su. NEPA tana hannun gwamnati muke kwana a duhu, NITEL tana hannun gwamnati layin waya ya gagari talaka, sai da aka ba 'yan kasuwa lasisi a 2001 mai sayar da ruwa ya riƙe salula. Matatar mai ta Kaduna ta gwamnati ce, kowa ya san halin da take ciki. Tsarin da Balarabe ke kira a kai yana buƙatar ma'aikata masu irin amanarsa tun daga minista har masinja, kuma ban ga inda za a samo su ba.

Malamar Tarihi:
Alhaji, misalin waya hujja ce mai ƙarfi, ba zan kauce mata ba. Sai dai misalin wuta yana gefen Malam Masaƙi, domin an sayar kuma duhun bai tafi ba, kuɗin da ake biya ne ya ƙaru. Matsayin Balarabe, kamar yadda ya sha bayyanawa a hirarraki, shi ne hukuma ta riƙe ragamar manyan ginshiƙan tattalin arziki, ilimi da lafiya su zama haƙƙin kowa, ɗan kasuwa kuma ya yi kasuwancinsa a ƙarƙashin wannan. Kuma ba shi kaɗai ya taɓa wannan tunani ba. A 1976 Bala Usman da Segun Osoba sun rubuta rahoton marasa rinjaye a kwamitin tsara tsarin mulki suna neman a mayar da irin waɗannan haƙƙoƙi abin da talaka zai iya kai ƙara a kansa, aka yi watsi da shi, shi ya sa har yau babi na biyu na tsarin mulki alkawari ne da kotu ba ta tilasta cikawa. Kwamitin Cookey kan makomar siyasar ƙasa, wanda Babangida ya kafa da kansa, ya zagaya ƙasa ya dawo a 1987 da shawarar a bi tafarkin gurguzu, gwamnati ta ƙi. Wani abin da ya kamata a faɗa kuma shi ne an yi amfani da addini a kansu, kamar yadda aka yi wa 'yan NEPU, ana cewa aƙidarsu ta marasa addini ce, alhali mutumin nan Musulmi ne mai riƙo da ibadarsa, kuma 'yan NEPU tun asali daga koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan zaluncin sarakuna suke ɗauko hujja.

Matashi Mai Tambaya:
Na janye rabin maganata, musamman bayan bayanin haraji da na shari'ar INEC. Rabin da ya rage shi ne wannan. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 ya samu ƙuri'u ƙalilan, ya riƙe shugabancin PRP har 2018 kafin ya miƙa wa Alhaji Falalu Bello. A tsawon shekarun nan ina matasan da ya raina? Malam Aminu ya bar Rimi da Balarabe da Sule Lamido da ɗimbin almajirai. Shi wa ya bari?

Tsohon Ɗan PRP:
Ɗana, nan kam ka taɓa inda ba ni da cikakkiyar kariya. Gaskiya ne PRP ta zamaninsa na ƙarshe ba ta da rassa a unguwanni irin na NEPU, inda tela da mahauci da ɗan koli ke cire sisinsu su sayi katin jam'iyya su kuma yi karo-karon kuɗin motar zuwa taro. Wani ɓangare na laifin namu ne mu da muka kewaye shi, mun fi son zuwa gidansa mu saurare shi mu yi tsaki kan halin ƙasa fiye da komawa mazaɓa mu yi rajistar mutum goma. Wani ɓangaren kuma na sojoji ne, domin sun soke jam'iyyu a 1984, Babangida ya hana tsofaffin 'yan siyasa shiga fage na wasu shekaru, sannan ya ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC ya gina musu ofisoshi da kuɗin gwamnati, daga nan aka koya wa mutane cewa jam'iyya ita ke ba ɗan jam'iyya kuɗi. Wanda ya zo da katin da za ka biya da kanka a irin wannan kasuwa, ba zai yi ciniki ba. Amma ban yarda cewa shi kansa ba shi da alhaki ba. Mutum ne mai wuyar sassauci ko ga abokan tafiya, kuma ya daɗe a kan shugabancin jam'iyya fiye da yadda ya kamata. Da ya sauka tun bayan zaɓen 2007 ya zauna a matsayin uba, wataƙila da an samu sabon jini da wuri. Ina son in ji ta bakin Lauya a kan ko dokokin zaɓe na yanzu, musamman ikon da aka ba INEC na soke rajistar jam'iyyar da ba ta ci kujera ba, wanda ta yi amfani da shi a kan jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, ba su mayar da mu inda muke kafin hukuncin 2002 ba.